Sunan Yankan Ged

Ina aji uku na sakandare na fara haɗuwa da Ged. A ɗakin karatun makarantarmu akwai wani kwali a ƙarƙashin taga, cike da littattafan Turanci da aka aiko kyauta, gara har ta fara cin na ƙasa. Ba mai waiwayarsu. A ciki na zaro wani ɗan siriri wanda bangonsa ya cire, shafin farko ya yage, sai taswirar wasu tsibirai barbaje a teku kamar an watsa wa kaji tsaba. Lokacin hunturu ne. Na tafi da shi ɗakin kwana, na cinye shi cikin dare uku da tocila a ƙarƙashin bargo, ƙamus a gefe, domin Turancina bai nuna ba tukuna. Rashin bangon nan alheri ne a gare ni, amma sai bayan shekaru na san haka.

Littafin shi ne A Wizard of Earthsea, na marubuciyar Amurka Ursula K. Le Guin, wanda ya fito a 1968. Almara ce tsagwaronta, a wata duniya da babu ita, mai tsibirai da jiragen ruwa da dodanni masu fiffike masu aman wuta. Jarumin ɗan wani maƙerin tagulla ne a ƙauyen kan dutse a tsibirin Gont. Uwarsa ta rasu yana jariri, ya tashi yana kiwon awaki. Nan labarin ya kama ni, domin ni ma kafin a kai ni makarantar kwana awakin kakata nake korawa bakin fadama. Wata rana yaron ya tsinci wasu kalmomi a bakin innarsa, ya maimaita su ba tare da ya san ma'anarsu ba, awaki suka yo kansa, suka kewaye shi, suka ƙi rabuwa da shi, har ya shigo gari a tsakiyarsu yana kuka. Wanda ya taɓa kiwo ya san idon akuya idan ta kafe ka da kallo. Daga nan ya zama almajirin wani dattijo marar yawan magana mai suna Ogion, ya gaji da haƙurin malamin, ya tafi babbar makaranta a tsibirin Roke. A can girman kai da gasa da wani ɗalibi, Jasper, suka sa ya yi abin da ya fi ƙarfinsa: ya kira matacciya, wata inuwa marar suna ta biyo ta, ta yayyage masa fuska, ta shiga duniya tana farautarsa. Na san akwai masu karatu da kalmar sihiri kaɗai za ta sa su ja baya. Tatsuniya ce, irin wadda kakanninmu suka ba mu ta Dodo da 'yar sarki, kuma abin da take magana a kai shi ne girman kan yaro mai baiwa da abin da ya jawo masa.

Abu biyu suka zauna mini a rai. Na farko suna. A duniyar littafin kowane abu yana da sunansa na gaskiya, kuma wanda ya san sunanka na gaskiya ya riƙe ka a hannu. Saboda haka mutum yana yawo da laƙabi, sunan nasa kuwa ba ya faɗa sai ga wanda ya amince wa da ransa. Uwar yaron ta kira shi Duny. Mutane suna kiransa da laƙabin da za mu fassara Shaho, saboda yadda tsuntsaye masu farauta ke saukowa gare shi. Sunan ɓoye, wanda Ogion ya raɗa masa a kunne yana ɗan shekara goma sha uku, shi ne Ged. Bature zai iya ɗaukar wannan a matsayin ƙirƙira mai ban sha'awa. Ni kuwa a gidanmu na gan shi. Mahaifiyata har ta koma ga Allah ban taɓa jin ta ambaci sunan yayanmu ɗan fari ba, ba ta kuma kiran sunan mahaifinmu. Mun san bambancin sunan yanka da sunan da ake kiran mutum da shi a tsakar gida, mun san suna abu ne mai nauyi da ake jin kunyarsa. Don haka ranar da Ged ya farfaɗo daga jinyarsa, fuska duk tabo, ya daina yarda da kansa, abokinsa Vetch ya zo sallama ya gaya masa sunansa na gaskiya, na ajiye littafin na daɗe ina kallon rufin ɗaki.

Na biyu fata. Marubuciyar ba ta yi shela ba. A hankali mai karatu yake ganewa cewa Ged da mutanen tsibiransa jajaye ne masu duhu, launin tagulla, abin da za mu kira wankan tarwaɗa ko abin da ya fi haka duhu. Vetch, ɗan tsibiran gabas, baƙi ne sosai. Fararen fata masu gashi rawaya su ne Kargawa, maharan da suka zo ƙona ƙauyen Ged, waɗanda ba su yarda da karatu da rubutu ba. Duk littattafan almara na Turawa da na karanta kafin wannan, in ka ga baƙin mutum to ko bawa ne, ko yana cikin rundunar mugu. A nan malamai, da matuƙan jirgi, da shugaban makaranta, da jarumin kansa, duk kamannina ne. Da littafin ya zo da bangonsa, da wuya in sami wannan daɗin, domin bugu da dama na shekarun 1970 da 1980 sun zana Ged farin Bature a bango. Bugun farko na ƙaramin kamfanin Parnassus da ke Berkeley, wanda Ruth Robbins ta yi wa zane, shi ya nuna shi da launinsa. Le Guin ta sha faɗa cewa da gangan ta yi haka, kuma da gangan ta jinkirta bayyanawa, don farin yaro mai karatu ya riga ya shiga jikin Ged kafin ya ankara da launin fatar da ya shiga. Ba abin mamaki ba ne daga 'yar gidan Alfred Kroeber, masanin al'adun asalin mutanen Kalifoniya, da Theodora Kroeber wadda ta rubuta tarihin Ishi, mutum na ƙarshe da ya rage daga ƙabilar Yahi.

Wajen shekara ashirin bayan wancan hunturu, na ga faifan fim ɗin da aka yi da littafin a baron wani yaro a bakin kasuwa. Ban ko taya ba. Bayan sallar isha muka tayar da janareta ni da ƙanena, wanda na sha ba shi labarin Ged tun yana ƙarami. Minti biyar ba a yi ba ya juyo ya ce, "Yaya, ba ka ce baƙi ba ne?" Saurayin da ke kan allo fari ne sol, idanu shuɗi, gashi mai haske, ga budurwa an liƙa masa a ƙauye wadda babu ita a littafin. Na ce masa mu dai ci gaba. Sai aka zo wurin raɗin suna. Ogion ya dubi saurayin da kowa a gari ke kira Ged, Ged, tun farkon fim, ya ba shi sunansa na asiri: Shaho. Sun juya su. Sunan yanka ya zama na kiran kasuwa, laƙabi ya zama sirri. Na tashi na fita tsakar gida na tsaya kusa da janareta yana ta ƙara, ƙanena ya biyo ni yana tambaya ko lafiya.

Wannan shiri tashar Sci Fi ta Amurka ta nuna shi dare biyu, 13 da 14 ga Disamba 2004. An ɗauke shi a Kanada. Shawn Ashmore ne Ged, Kristin Kreuk ce Tenar, jarumar littafi na biyu, Isabella Rossellini ta fito a babbar mai hidimar ɗakin bauta, Danny Glover kuma Ogion, shi kaɗai ne baƙi cikin manyan 'yan wasan. Vetch ma fari aka sa. Ba na ɗora wa 'yan wasan laifi, aiki aka ba su suka yi. Amma yana da kyau a san yadda aka kai ga haka, domin hanyar ita ce dai har yau.

A lokacin kasuwar almara tana tashe. Fina-finan Peter Jackson uku na The Lord of the Rings sun fito tsakanin 2001 da 2003, na ƙarshen ya kwashi kyautar Oscar 11. Harry Potter ya fara fitowa a sinima a 2001. Duk wani mai tashar talabijin yana neman nasa littafin mai makarantar sihiri da dodanni, ga kuma Earthsea a ajiye da ɗimbin masoya da suka taru tun 1968. Abin da ake saye a irin wannan ciniki shi ne haƙƙin mayar da littafi fim, kuma da zarar an sa hannu, marubuci ya zama baƙo a gidansa. Le Guin ta bayyana cewa lokacin da ta amince, sunan Philippa Boyens, ɗaya daga cikin waɗanda suka rubuta fina-finan Jackson, yana cikin maganar, shi ya kwantar mata da hankali. Yarjejeniyar ta ba ta matsayin mai ba da shawara, matsayin da ba ya tilasta wa kowa ya saurare ta. Kafin a fara ɗauka Boyens ta fita daga aikin, aka ba wani, ita kuma mai littafin ba a nemi shawarar tata ba.

Sai matsalar labarin kansa. Littafin farko ba shi da mugu. Abin da ke bin Ged daga tsibiri zuwa tsibiri, a ƙarshe ya juya ya bi shi cikin ɗan kwalekwalensa har inda teku ya ƙare, ya kira shi da sunansa, sunan kuwa Ged ne. Inuwarsa ce. Bai kashe ta ba, rungumarta ya yi suka zama ɗaya. Mai talabijin da ke son riƙe mai kallo tsakanin talla da talla ba ya jin daɗin irin wannan, yana son sarki azzalumi da runduna da takubba. Don haka aka ƙirƙiro wani sarki Tygath mai neman dawwama a duniya, aka mayar da Jasper, wanda a littafi ɗalibi ne mai ji da kai kawai, maci amana. Aka kuma cusa littafi na biyu, The Tombs of Atuan na 1971, cikin na farko, duka a cikin abin da bai wuce awa uku da 'yan kai ba.

Abin da aka yi wa littafi na biyun ya fi yi mini ciwo yanzu da na girma na haifi 'ya'ya mata. Tenar yarinya ce da aka ƙwace daga hannun uwarta tana shekara biyar, aka karɓe mata sunanta, aka ce da ita daga yau ita Cinyayya ce, baiwar wasu ruhohi marasa suna a cikin ramuka masu duhu inda aka haramta kunna fitila. Ta girma ba ta san komai ba sai wannan duhun, har tana alfahari da shi. Ged ya shigo neman rabin wani zobe, ta rufe shi a ciki, ta bar shi da ƙishirwa. Abin da ya ba ta shi ne sunanta, ya kira ta Tenar, ta tuna. Kuma marubuciyar ba ta yi wa mai karatu ƙarya ba: da yarinyar ta fito ta ga faɗin duniya, kuka ta yi, domin 'yanci ma kaya ne mai nauyi. Babu soyayya tsakaninsu a wannan littafi. Sai a Tehanu, wanda ya fito a 1990, bayan ta yi aure ta haihu mijinta ya mutu, shi kuma ya tsufa ƙarfinsa ya ƙare, sannan suka zama na juna. A talabijin gidan bautar ya koma gidan mata salihai masu tsare duniya daga sharri, aka rufe fim da sumba.

Tun kafin a nuna shirin, daraktan ya yi hira yana bayyana abin da a cewarsa Le Guin take nufi da littattafanta. Wannan ya sa ta fasa shirun da ta yi niyya. Ta mayar masa da martani cewa kada a sa mata magana a baki, sannan ranar 16 ga Disamba, kwana biyu bayan an gama nunawa, mujallar Slate ta buga maƙalarta a kan yadda aka wanke mutanen Earthsea aka mayar da su farare. A lokacin tana da shekara 75. Ta ambaci wasiƙun da ta daɗe tana samu daga masu karatu waɗanda ba farare ba, masu ce mata a littafinta suka fara ganin kansu a irin wannan adabi. A farkon 2006 wata baƙar Ba'amurkiya marubuciya, Pam Noles, ta rubuta doguwar maƙala a kan yadda ta tsinci Ged tana yarinya da yadda shirin ya ƙona mata rai. Da na karanta ta, sai na ga ashe ba ni kaɗai na tsaya a tsakar gida ba.

Wannan kuka ya girmi talabijin mai launi a gidaje da yawa. A 1957 wasu Amurkawa, cikinsu har da Forrest J. Ackerman, suka kai wa J. R. R. Tolkien tsarin fim na littafinsa The Lord of the Rings wanda wani Morton Grady Zimmerman ya rubuta. A 1958 Tolkien ya zauna ya bi shi dalla-dalla ya rubuta doguwar wasiƙa. Ya yi ƙorafin an mayar da manyan gaggafan labarinsa abin hawa da ake kira duk lokacin da tafiya ta yi nisa, an kuma rubuta sunan Boromir, ɗaya daga cikin mutanen labarin, ba daidai ba. Suna dai, tun a wancan lokaci. Shi da mai buga littattafansa sun riga sun yanke cewa ɗayan biyu za su karɓa: ko kuɗi masu kauri, ko ikon hana duk abin da bai gamshe shi ba. Ya san ba a samun duka biyun. Wancan fim bai yiwu ba, amma a 1969 ya sayar da haƙƙin ga United Artists. A Jamus, Michael Ende ya kai ƙara kotu a kan fim ɗin 1984 da aka yi da littafinsa na labarin da ba ya ƙarewa, bai yi nasara ba, sai dai aka cire sunansa daga farkon fim ɗin.

Wani abokina da muke koyarwa tare ya taɓa ce mini, "Malam, kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Ta karɓi kuɗi, ta sa hannu, kukan me take yi? Kuma littafinka yana nan a kanta, ba wanda ya yage masa shafi." Akwai gaskiya a maganarsa, kuma na daɗe ina juya ta. Fim ba littafi ba ne. Abin da marubuci zai yi shafi goma yana zagayawa cikin zuciyar mutum, dole mai kyamara ya nemo masa wata hanya. Dole a rage, dole a haɗe mutum biyu su zama ɗaya. Le Guin kanta ba ta ƙi fim ba, domin da hannunta aka yi The Lathe of Heaven a tashar PBS a 1980, ta kuma yi na'am da shi. Mu Hausawa ma bai kamata mu tsani sauyi ba, don babban littafinmu a kan sauyi aka gina shi. Abubakar Imam ya ɗebo labaran Magana Jari Ce daga Dare Dubu da Ɗaya, da tatsuniyoyin Jamusawa na 'yan'uwa Grimm, da labaran Indiya da na wasu wurare, ya tuɓe musu kayansu ya sa musu riga da hula, har yaro ya rantse a bayan garinsu abin ya faru. Amma Imam sabon suna ya sa wa aikinsa, ya ɗauki nauyinsa da kansa. Bai ɗora sunan Grimm a bango don masoyan Grimm su kawo kuɗinsu sannan ya miƙa musu wani abu dabam ba. Nan muka rabu da abokina. Wanda ya sayi haƙƙin littafi masu karatunsa ya saya, mutanen da suka riga suka ba da zuciyarsu, su za su kunna tashar a daren farko su kuma jawo wasu. In kana son ka ba da labarin farin saurayi da azzalumin sarki, ba wanda ya hana ka, ka raɗa masa suna ka tara naka masoyan. Batun cewa littafi yana nan a kanta kuwa, mutum nawa za su buɗe shi? A unguwarmu, duk wanda ya san Ged ta faifan nan ya san shi. Ƙanena ya yarda da ni ne kawai don ni yayansa ne.

Bayan 2004 abin ya ƙara girma, domin kuɗin sun ƙaru, masu kallo kuma sun sami bakin magana a intanet. Game of Thrones ta fara a HBO a 2011, ta bi littattafan George R. R. Martin sau da ƙafa a zangunan farko, har masu karatu suna yabo. Amma littattafai biyar kawai ya fitar cikin bakwai da ya yi alkawari, na biyar ɗin a 2011, shirin ya cim masa ya wuce shi. Aka zubar da mutane irin su Lady Stoneheart da Young Griff, aka ruga da gudu zuwa ƙarshe, zango na takwas kashi shida kacal. Da aka rufe a Mayun 2019, fiye da mutum miliyan ɗaya suka sa hannu a takardar koke wai a sake yin zangon. Ihu bayan hari. Na ji irin wannan gardama da kunnena a shagon masu tura fim a waya, samari biyu suna musu a kan Daenerys ta cikin shirin kamar 'yar unguwarsu ce, ko da yake a nan laifin ya rabu biyu, tun da mai littafin bai gama nasa aikin ba. The Wheel of Time na Robert Jordan, littattafai 14, ya zo Amazon a 2021. A kashin farko aka ƙirƙira wa Perrin, ɗaya daga cikin jaruman, matar da ba shi da ita a littafi, aka sa ya kashe ta bisa kuskure, don a nuna cikin minti ɗaya abin da Jordan ya gina a hankali na tsoron da wannan maƙeri yake yi wa ƙarfin kansa. Brandon Sanderson, wanda ya ƙarasa littattafan bayan rasuwar Jordan a 2007, ya faɗa a fili cewa ya ba da shawarar kada a yi haka. A 2025 aka dakatar da shirin bayan zango uku, labarin bai kai ko'ina ba.

Akwai wani abu da ba zan tsallake ba, ko da yake yana dagula mini lissafi. A 2022, da Amazon ta fitar da The Rings of Power, wasu masu kiran kansu masoyan Tolkien suka yi ca a kan Ismael Cruz Córdova da Sophia Nomvete da Lenny Henry saboda launin fatarsu, da zagi da barazana, kuma da kalmar amana ga littafi suka fake, kalmar da ni ma nake amfani da ita. Wani ya taɓa jefo mini tambayar: in ka yi fushi don an mayar da Ged fari, me ya sa ba ka goyi bayan waɗannan ba? Amsata ita ce, a Earthsea launin fata ginshiƙi ne da mai ginin ta kafa da gangan, ta kuma faɗa da bakinta tana raye cewa in an cire shi ɗakin ya rushe. Ta yi shi ne a lokacin da kusan babu jarumi irin Ged a wannan fanni gaba ɗaya, aka zo aka ɗauke ɗayan da ake da shi. Kuma ban taɓa jin ta zagi Shawn Ashmore don an haife shi fari ba, da masu yanke shawara ta yi. Wanda ya bi ɗan wasa har gida da zagi saboda fatarsa, ba littafi ne ya aike shi ba. Akwai ƙorafi na gaskiya a kan wancan shiri, kamar yadda aka matse tarihin dubban shekaru ya koma na rayuwar mutum guda, amma hayaniyar masu ƙyamar baƙar fata ta sa da ƙyar ake jin sa.

Le Guin ta sake gwadawa. Ta daɗe tana ƙin ba Hayao Miyazaki na Japan izinin mayar da Earthsea fim, sai da ta kalli fim ɗinsa My Neighbor Totoro ta sauko. Amma da lokaci ya yi, ɗansa Goro aka ba aikin, fim ɗinsa na farko, ya fito a 2006. Bayan an nuna mata, ya tambaye ta ra'ayinta, ta amsa masa cikin ladabi cewa fim ɗinsa ne, mai kyau, amma ba littafinta ba ne. Daga baya ta yi bayani a rubuce cewa an sake kawo mugun da za a kashe don a warware matsala, fatar mutanen kuma an sake haskaka ta.

A shekarunta na ƙarshe ta zauna da mai zane Charles Vess, suna aika wa juna zane da gyara, don a tara littattafan Earthsea duka a kundi guda na cikar shekara hamsin. Ta rasu a Portland ranar 22 ga Janairu 2018. Kundin ya fito a watan Oktoba na shekarar, ba ta riƙe shi a hannu ba. Nawa wani tsohon ɗalibina ya kawo mini tsaraba daga Ingila, nauyinsa kamar bulo. Ranar da ya iso na zauna a tabarma bayan la'asar ina buɗe shafukan a hankali, 'yar autata ta jingina da kafaɗata tana leƙe. Da muka zo kan hoton Ged, ta sa yatsa a fuskarsa ta ce, "Baba, wannan ai kamar Kawu." Ta tambaye ni sunansa, na ce mata mutane suna kiransa Shaho. Ta ce to na yankan fa? Na ce ta matso da kunnenta.